Duhun da Wasu ke Nema da Kuɗinsu

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, in dare ya yi, to ya yi. Babu fitilun titi, lantarki kuwa sai ranar da ta ga dama. Wannan duhun da muke kuka da shi, shi masu sha'awar ɗaukar hoton taurari a Turai da Amurka suke cin doguwar tafiya suna nema, domin fitilun birni sun shafe musu sama.

Bahaushe ba baƙon sama ba ne. Ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki na asuba, ya san Kaza da 'Ya'yanta. Sai dai ido shida ko bakwai yake ƙirgawa a cikin 'ya'yan kazar. Kyamarar dijital da aka ɗaura wa madubin hangen nesa kuwa ɗaruruwa take fito da su, lulluɓe da shuɗiyar ƙura, da hasken da ya yi kimanin shekara 440 a hanya.

Asirin shi ne tarawa. Ido tamkar tafin hannu yake a cikin yayyafi, abin da ya sauka nan take yake zubewa. Kyamara kuwa randa ce a bakin indararo. Ana barin idonta a buɗe minti biyu ko biyar, haske yana ɗiga har ya taru. Haka Henry Draper ya yi a Amurka a 1880, ya shafe minti 51 kafin ya samu hoton farko na gajimaren Orion, inda sababbin taurari ke tsirowa.

Matsalar ita ce duniya ba ta tsayawa. Tana juya digiri 15 kowace sa'a, sai taurari su zama zare-zare a hoto. Shi ya sa ake ɗora madubin a kan ƙafa mai ƙaramin inji da ke bin sama a hankali, bayan an saita ta da tauraron arewa, wanda a wajenmu yake can ƙasa, kimanin digiri 11 ko 12 daga doron ƙasa. Sannan a ɗauki hoto hamsin ko ɗari na wuri guda, a jera su kan juna a kwamfuta da manhajar kyauta irin Siril ko DeepSkyStacker. Dusar hoton ta baje, tauraro ya fito tar.

Lokaci ma abin lura ne. Damina gajimare, hunturu hazo. Damar tana tsakani, da kaka, a dararen ƙarshen wata da babu farin wata. A lokacin ne tarin taurarin Andromeda, mai nisan tafiyar haske shekara miliyan biyu da rabi, yake hayowa can sama bayan lisha.

Sai dai wa zai fita? A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, yaran da su ya kamata a ce suna leƙa madubin. Yanzu mai sha'awa sai dai ya kafa kyamararsa a tsakar gida, ƙofa a garƙame.

Ranar da malamin kimiyya zai fito da ɗalibansa filin makaranta ƙarfe biyun dare su saita madubi, iyayensu kuma na can suna sharar barci, ba sai an yi mana shelar zaman lafiya a rediyo ba.