Surame, Alƙalawa da Satiru: Kufai uku a Sakkwato da ke tayar da tsigar jiki

Duk wanda ya tashi a karkara ya san yadda ake gane kufai. Za ka tarar da manyan kukoki sun yi cirko-cirko a tsakiyar daji, ƙasar wurin ta ɗan yi tudu, tsingaro ya warwatsu ko'ina, wani lokaci har da ramukan tsohuwar marina da suka cike. Babu gida, babu hayaƙi, babu kukan zakara, amma komai na nuna cewa an taɓa yin gari a wurin.

Bahaushe ba ya son ratsa irin wannan wuri da tsakar rana ko da almuru. Iyaye kan gargaɗi yara masu kiwo da masu itace cewa idan mutane suka tashi daga gari, mutanen ɓoye ne ke gaje shi. Saboda wannan tsoro, da yawa daga cikinmu mun fi sanin labarin aljanun kufai fiye da labarin mutanen da suka zauna a cikinsa.

A jihar Sakkwato akwai kufai uku da tarihi ya adana sunayensu da dalilin mutuwarsu: Surame, Alƙalawa da Satiru. Wanda ya san abin da ya auku a cikinsu ba ya buƙatar a ba shi labarin aljani kafin jikinsa ya yi sanyi.

Surame: Ganuwar dutse a tsakiyar daji

A yankin ƙaramar hukumar Binji, yamma da birnin Sakkwato, Surame take. Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, shi ya gina ta a ƙarni na 16. Kanta ya kasance cikin manyan mayaƙan da suka taimaka wa Askiya Muhammadu na Songhai, daga baya suka ɓata a kan rabon ganima wajen shekarar 1516. Ya ɓalle, Songhai ta kasa dawo da shi ƙarƙashinta, Kabi ta zama daula mai cin gashin kanta.

Abin da ya bambanta Surame da sauran biranen ƙasar Hausa shi ne ganuwarta. Kano da Katsina da Zariya da ƙasa aka gina nasu, amma a Surame an yi aiki da dutse sosai, shi ya sa har yau ake ganin sassan ginin bayan shekaru kusan 500. Filin da birnin ya mamaye ya kai kimanin murabba'in kilomita 9, yanzu itatuwa da sarƙaƙiya sun lulluɓe yawancinsa.

Labarin baka ya nuna cewa ba da son rai aka yi wannan aiki ba. An ce Kanta ya tilasta wa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa su aiko da ma'aikata, kowace ƙabila da nata ɓangaren. Nufawa sun makara, sai ya yanke musu hukuncin su kwaɓa ƙasar ginin nasu da man kaɗe maimakon ruwa. Ko labarin ya faru haka ko an ƙara masa gishiri, yana nuna yadda mutane suka riƙa tuna mulkin: ƙarfi da tsoro.

A farkon ƙarni na 18, bayan ƙarfin Kabi ya ja baya, sarakunanta suka bar Surame suka koma Birnin Kabi. Tun daga lokacin ba a sake raya birnin ba. Gwamnatin Najeriya ta ayyana shi a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 1964, sannan a 2007 aka sa shi a jerin wuraren da Najeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Har yanzu a jerin jira yake. Mai son ganin kayan sarautar Kabawa sai ya tafi gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, amma ita Surame tana daji, shiru.

Alƙalawa: Birnin Gobir da ya faɗi a 1808

Daga Surame idan aka nausa gabas, zuwa ƙaramar hukumar Sabon Birni a bakin Gulbin Rima, nan kufan Alƙalawa yake. Tarihin baka ya ce asalin wurin gonar alƙalin Zamfara ce, da Sarkin Zamfara ya ba Gobirawa su zauna a matsayin baƙi, daga nan sunan ya samo asali. Baƙin suka yi ƙarfi, har Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a shekarun 1760, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir.

A nan Bawa Jangwarzo ya yi mulki, sarkin da har yau makaɗa ke ambaton sunansa idan ana maganar jarumta. A nan kuma Yunfa ya zauna, wanda a zamaninsa rikici ya ɓarke tsakanin fadar Gobir da jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1804.

Ƙasar da ke kewaye da birnin ta sha jini daga ɓangarorin biyu. A ƙarshen 1804, a Tsuntsuwa da ke kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Abzinawa suka yi wa jama'ar Shehu mummunar ɓarna. Littattafan masu jihadi sun ce mutum kusan 2,000 suka rasu, 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani. Bayan shekara huɗu, a watan Oktoban 1808, rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta ta shiga birnin, aka kashe Yunfa, mulkin Gobir a Alƙalawa ya zo ƙarshe.

Gobirawan da suka tsira sun watsu. Wasu daga baya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta yau, wasu suka kafa Sabon Birni. Abin da ya rage a tsohon birnin shi ne tuddan ganuwa da zaizayar ƙasa ke ci, da kaburbura, da gonaki. Akwai kuma wurin da ake kira Tafkin Kanu, wanda labarin baka ya ce a cikinsa ake jefa kawunan waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa. Sunan kaɗai ya isa ya sa baƙo ya rage murya.

Satiru: Garin da aka haramta sake ginawa

A cikin ukun, Satiru ce mafi ƙanƙanta kuma mafi kusa da zamaninmu. Ƙauye ne da ke kimanin kilomita 22 kudu da birnin Sakkwato. Ba shi da ganuwar dutse, bai taɓa zama fadar wani sarki ba, amma labarinsa ya fi na sauran nauyi a zuciya.

Shekara uku bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, Satiru ta zama matattarar talakawa da bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, masu imanin cewa lokacin bayyanar Mahadi ya yi. Sun ƙi biyan haraji, ba su yarda da Turawa ba, ba su kuma yarda da sarakunan da suka yi musu mubaya'a ba. Jagororinsu su ne Malam Isa, ɗan wani malami da ya yi da'awar Mahadi a 1904 ya mutu a tsare, da wani malami makaho da ake kira Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga yankin da Faransa ke mulka bayan wani bore a can.

Bayan mutanen Satiru sun kai hari ƙauyen Tsomau da ke maƙwabtaka da su, sai Turawa suka fita da sojojin doki don kama jagororin, ranar 14 ga Fabrairun 1906. Mutanen da makamansu ba su wuce fartanya da gatari da kwari da baka ba suka tarwatsa rundunar. Aka kashe Turawa uku, ciki har da muƙaddashin Razdan, Preston-Hillary, da sojoji baƙar fata 25, aka kuma ƙwace bindiga mai sarrafa kanta samfurin Maxim.

Ramuwar ta zo ranar 10 ga Maris. Gwamna Lugga ya tara sojoji sama da 500, mayaƙan Sarkin Musulmi suka mara musu baya. Mutanen Satiru suka tunkari bindigogi da ƙirjinsu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe kusan mutum 2,000, aka kwashe mata da yara kimanin 3,000 aka rarraba su. An kama Ɗan Makaho aka kashe shi a Sakkwato. Aka ƙone garin, aka baje shi, sannan Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin.

Saboda haka shirun Satiru ba na tsufa ba ne irin na Surame. Shiru ne da aka kafa da umarni, domin ya zama gargaɗi ga duk talakan da zai yi tunanin ɗaga kai. Ɗalibai da yawa a jihar kan gama sakandare ba su taɓa jin sunan garin ba, alhali tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga gidajensu.

Kafin ka ɗauki hanya

Mai niyyar ziyartar waɗannan wurare ya sani cewa haɗarin da ke gabansa a yau na mutane ne. Binji na cikin ƙananan hukumomin da aka ba da rahoton ayyukan Lakurawa a ƙarshen 2024. Sabon Birni kuwa ta daɗe a hannun 'yan bindiga. A 2024 ne aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Idan hanya ba ta bar basarake ba, baƙo mai ɗauke da kyamara ya yi wa kansa faɗa.

Don haka matakin farko shi ne tambayar halin da hanya ke ciki daga mutanen yankin da jami'an tsaro, kuma idan suka ce a dakata, a dakata. In an samu dama, a fara da gaisuwa wurin hakimi ko maigari, a nemi ɗan rakiya ɗan gari. Rani ya fi dacewa, lokacin da ciyawa ta kwanta, a je da safe a dawo kafin la'asar. A sa takalmi rufaffe, domin tarin duwatsu da tsofaffin ramuka maɓoyar kububuwa da kunama ne. Kada a ɗauko ko da tsingaro ɗaya. Dokar kayan tarihi ta 1979 ta hana haƙa ko fataucin irin waɗannan kaya ba da izini ba, kuma abin da kowane baƙo ya sa a aljihu ya rage wa masu bincike hujja.

Sababbin kufai

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cewa kufai bai tsaya a tarihi ba. A gabashin Sakkwato da Zamfara da wasu sassan Katsina, akwai ƙauyukan da shekaru goma da suka wuce ake cin kasuwa a cikinsu, yau rumbunansu a ƙone, rijiyoyinsu babu mai ja, mutanensu na gudun hijira a garuruwan kusa ko a tsallaken iyaka a jihar Maraɗi. Idan ba su koma ba, nan da shekara 50 kukoki ne kaɗai za su nuna wurin, yara masu kiwo kuma a ce musu gidan aljanu ne.

Surame da Alƙalawa da Satiru sun tsira daga mantuwa ne saboda an samu waɗanda suka rubuta abin da ya same su. Ƙauyukan da ake tayarwa yanzu ba su da marubutan fada. Aikin ya rage ga jami'o'inmu da masarautu da 'yan jarida su tattara sunayensu, da ranar da aka tashe su, da inda mutanensu suka nufa, tun waɗanda suka gani da idonsu suna raye. Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu.