Yanyawa, dila da ciwon haukan kare: abin da ya kamata kowa ya sani

Jama'ar Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori,

Matsugunanmu na jihar Maraɗi suna gab da daji, don haka yanyawa da dila maƙwabtanmu ne. Yanyawa ƴar ƙarama ce, tana kwana a rami cikin rairayi, da dare take fita neman ɓera, fara, ƙwai, wani lokaci har kaza. Dila ya fi ta girma, yana iya ɗaukar ɗan akuya ko ɗan tunkiya. Dukkansu, in lafiyarsu ƙalau, gudun mutum suke yi.

Asarar kaza tana da ciwo, amma babban haɗarin shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba, tana shiga jiki ta cizo, ko yaƙushi, ko lasar gyambo. Naman daji kan ciji kare, kare ya kawo ta gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare suke ɗauka. Wajen 4 cikin 10 na waɗanda ake ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15.

Cutar takan ɓuya a jiki wata 2 zuwa 3, ciwon ya warke, mutum ya ɗauka ya tsira. Da zarar alamu sun fito, kamar tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Amma allurar rigakafi, in an fara ta da wuri, tana hana cutar.

Idan dabba ta ciji wani:
1. A wanke wurin nan take da ruwa da sabulu na minti 15.
2. Kada a sa toka, barkono ko sassaƙe, kada a ɗaure.
3. A kai shi likita a ranar, ko da ƙwarzane ne, kuma a cika duk allurorin.
4. In karen gida ne, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, a sanar da malaman dabbobi.

Yanyawa ko dila da ya shigo gari da rana tsaka ba ya tsoron kowa, yana tangaɗi ko dalalar yawu, kada a kusance shi. Bisar da ta soma irin wannan hali, kada a yanka a ci.

Muna roƙonku ku rufe akurki da magariba, ku shigar da ƙananan bisashe cikin shinge, ku binne mushe da sauran abinci, ku kai karnuka rigakafi. Iyaye, ku hana yara tonon ramin yanyawa, ku kuma nuna musu ba za a doke su ba in sun faɗi cewa kare ya cije su. Yaron da ya ɓoye cizo don tsoron duka shi ya fi shiga haɗari.

Mai tambaya ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya ko wakilan HCR na matsuguninsa. Allah ya kiyaye mu.