Ina Zinaren Ya Shiga?

A ƙarshen watan Oktoba ɗan yayata da ke Ruwan Bago, cikin ƙaramar hukumar Rogo, ya turo mini hotuna da saƙon murya mai cike da takaici. "Kawu, wallahi da idona na gani. Fadama duk ta koma ruwan zinare, gamba da zangarniyar dawa har ƙahon shanu. Amma dubi abin da waya ta ba ni." Na duba. Ga fararen shanu na dawowa daga kiwo, balbelu na bin sawunsu, amma komai ya koɗe kamar atamfar da ta sha wanki. Hoto ɗaya tak ya fito da zinarensa. Wuri ɗaya ne, yammaci ɗaya, waya ɗaya.

Ban yi shakkar maganarsa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonakin Rogo da Ƙaraye da kaka ya san hasken da yake nufi, kuma abin baƙin ciki ne a ce ba ya kamuwa.

Shi wayar ya fara zargi, wai mai araha ce. Washegari ya goge gilashin kyamara, ya kuma aro ta abokinsa mai tsada. Duk kanwar ja ce.

Ni kuwa hazo na zarga. Ƙurar hunturu, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ƙwayoyinta manya ne, suna watsa kowane launi kusan daidai wa daida. Shi ya sa idan hazo ya yi kauri rana kan zama fara fat, ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba. Mutane da yawa na ɗauka hunturu ne lokacin jan haske. Siririn hazo yana taimakawa, mai kauri kuwa kashe launi yake yi. Sai dai a hotunan yaron ana hango wata kuka can nesa, rassanta ɗaya bayan ɗaya. Hazo bai sauka ba tukuna, babu hannunsa.

Sai na ce ya buɗe bayanan kowane hoto ya karanto mini lokacin da aka ɗauke shi. Nan zaren ya fara warwarewa. Kusan rabinsu tun wajen 4:30 ne, ana fitowa daga sallar la'asar. A lokacin rana na sama, haskenta fari ne. Sai ta kusa faɗuwa haskenta ke ratso iska mai kauri, wajen ninki 38 na wadda yake ratsowa idan tana tsaka. A hanya iska kan watsar da shuɗi ta bar rawaya da ja, abin da masanin Ingila Lord Rayleigh ya yi bayani tun 1871. A ƙasashen Turai rana kan gangara a karkace, hasken ya daɗe. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya, tamu kusan a miƙe take sauka. A ƙarshen Oktoba tana faɗuwa a Rogo jim kaɗan bayan ƙarfe 6, zinaren gaske bai fi na rabin awa kafin nan ba. Zinaren da ya gani daga baya shi ya zauna masa a rai, har ya rufe yammacin gaba ɗaya.

To, sauran fa, waɗanda aka ɗauka daga 5:40 zuwa 6? Su ma a koɗe suke. Na daɗe ina ƙura musu ido kafin balbela ta tona asiri.

"Balbelar nan, da ka gan ta, fara ce?"

"A'a Kawu, har fukafukanta sun yi ɗorawa-ɗorawa."

A hoton kuwa fara ce sol. Ashe wayar ce ta wanke ta. Kowace kyamarar waya tana neman abin da ya kamata ya zama fari a gabanta, idan ta ga ya yi rawaya sai ta ɗauka aibi ne, ta ƙara shuɗi har ya koma fari. Hasken tsakar rana yana wajen 5,500 a ma'aunin Kelbin, na faɗuwarta yana sauka zuwa wajen 3,000, ita kuma waya tana ƙoƙarin mayar da shi na tsakar rana. An yi haka ne don kada fuskar amarya ta fito rawaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki, kuma a can dabara ce mai kyau. A fadama, ga fararen shanu ga balbelu sun cika hoto, ta sami hujja ta share abin da aka zo ɗauka. Na sa shi ya shiga sashen Pro na kyamarar, ya nemo WB, wato saitin daidaita fari, ya ɗauke shi daga kan atomatik zuwa alamar rana ko ta gajimare, ya kuma rage haske kaɗan.

Saura hoto ɗayan da ya tsira. Inuwa ce ta warware shi. A duk sauran, inuwar shanu gaba ta yi, wato rana na bayansa. A wannan inuwar ta nufo shi, yamma ya fuskanta. Haske ya ratso ta gashin kan gamba, kowane zare ya kama wuta. Hasken sama ya sa wayar ta rage buɗe ido, launi ya ƙara kauri, shanun kuma sun zama inuwa, babu farin da za ta gyara da shi.

Ya je ya gwada a bakin dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992. Ruwa ya fito zinare, balbelu ma haka. Daga baya ya sake kira, wai tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa a jikin bagaruwa sun daina fitowa rawaya, ko wayar ce ta koma halinta. Na ce masa wannan ba ita ba ce. Namijin yana zubar da gashinsa mai haske idan damina ta wuce, sai ya jira ruwa ya dawo. Kafin nan ya riƙa duba inda aka ƙona daji da rani, furen rawaya kan ɓullo daga ƙasa tun shukar ba ta yi ganye ba.