Tsakanin Tsimi da Rowa: Dalilin Rufe Kayan Wasa a Wuraren Shaƙatawa na Amurka

A ƙasar Amurka akwai waɗansu wuraren shaƙatawa waɗanda girmansu ya kai na ƙaramin birni, inda kamfanoni masu ƙarfin jari, irin su Disney da Universal da Six Flags, suka tara abubuwan al'ajabi na wasa da na kallo. Akwai lilo iri-iri, akwai jiragen ruwa masu yawo cikin tafkunan da aka haƙa musamman dominsu, akwai kuma wani irin jirgi mai bin dogo wanda ke hawa can sama sa'an nan ya gangaro a guje, har na ciki ya ji kamar numfashinsa zai ɗauke. Miliyoyin mutane ke ziyartar wuraren nan kowace shekara, uba ya kai ɗansa inda shi ma nasa uban ya taɓa kai shi, saboda haka duk ranar da aka wayi gari da sanarwar cewa an rufe ɗaya daga cikin abubuwan nan rufewa ta har abada, sai ƙorafi ya tashi ko'ina, ana rubuta wasiƙu, ana sa hannu a takardun koke. Abin da kamfani ya saba faɗa shi ne yana nufin ya kawo sabon abu wanda ya fi na da. Sau da yawa wannan magana gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ce gaskiyar ba, domin sauranta tana cikin littafin ma'aji.

Tushen al'amarin yana ga yadda ake karɓar kuɗi. Tun daga shekarar 1955, wadda a cikinta Walt Disney ya buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya, maziyarci yakan sayi ɗan littafin tikiti, duk abin da zai hau sai ya yage guda ya miƙa, kuma tikitin abubuwan da suka fi ƙayatarwa shi ya fi tsada. A wannan hali kowane abin wasa shi ke ci da kansa, ana iya ƙirga abin da ya kawo kafin faɗuwar rana. A 1982 aka soke wannan tsari, aka koma biyan kuɗi sau ɗaya a bakin ƙofa, mutum ya shiga ya hau abin da ya ga dama. Daga nan sai ya zamana kusan babu wani abin wasa da ake rubuta masa shigar kuɗi da sunansa, abin da ake gani ƙarƙashin sunansa a littafi kawai shi ne fita: albashin ma'aikata, da kuɗin wutar lantarki, da mai, da kayan gyara, da inshora. Ma'aunin da ya rage wa masu hisabi guda biyu ne, wato mutum nawa abin ke ɗauka cikin sa'a guda, kuma nawa ake kashewa a kan kowane mutum ɗaya. Lamarin ya yi kama da na mai doki, wanda ranar saye ce ranar da ta fi masa sauƙi, domin bayanta akwai dawa da harawa da kanwa da hakkin ɗan barga, kullum safiya, ko an hau dokin ko ba a hau ba.

Jiragen da suka cinye kansu

Babu misalin da ya fi bayyana wannan hisabi kamar jiragen ƙarƙashin teku na Walt Disney World a jihar Fulorida, waɗanda aka fara shiga a watan Oktoba na 1971. An haƙa musu tafki mai cin ruwa fiye da galan miliyan 11, aka cika shi da kifaye da ciyayin teku da ɓaraguzan jirage, duka na ƙira. A haƙiƙa jirgin ba ya nutsewa. Dogo yake bi a ƙarƙashinsa, amma da yake kujerun fasinja suna ƙasa da saman ruwa, kowa da 'yar tagarsa ta gilashi a gabansa, da zarar an saki kumfa ta taso ta gefen tagar sai mutum ya sakankance cewa ƙasan teku ya nufa. Yaron da ya manna goshinsa a wannan gilashi ba ya mantawa da abin da ya gani.

To, amma a dubi abin da ake ɗawainiya da shi kafin yaron ya ga haka. Kowane jirgi yana da direbansa da injinsa mai shan mai, alhali mutanen da yake ɗauka ba su wuce 40 ba. Shiga da fita ta wata ƙunƙuntar matakala ake yi, ɗaya bayan ɗaya, saboda haka layi ba ya tafiya, mai keken guragu kuwa ba shi da hanyar shiga da kekensa. Maganin da ake zubawa domin ruwan ya zauna garau shi ne kuma ke cinye fentin kayan da ke ciki, har ya zama dole masu nutso su riƙa shiga suna sharewa suna gyarawa, wani lokaci kuma a kwashe ruwan tafkin ɗungum a sake fenti. Ranar 5 ga Satumba, 1994, aka rufe wurin da sunan gyara, jama'a suka zuba ido, ba a fito fili aka ce ba za a sake buɗewa ba sai a 1996, tafkin kuma ya zauna haka nan har aka cike shi da ƙasa a 2004.

Akwai kuma abubuwan da tun asali da kuɗin wani aka gina su. A sashen EPCOT na Walt Disney World, al'ada a da ita ce wani babban kamfani ya ɗauki nauyin wani gini, a rubuta sunansa a ƙofa, shi kuma ya riƙa biyan wani kaso na ɗawainiya a matsayin talla. Ginin Horizons, wanda aka buɗe a 1983 domin nuna yadda ake zaton rayuwar ɗan Adam za ta kasance nan gaba, kamfanin General Electric ne ya tsaya masa, kuma da yarjejeniyarsu ta ƙare a 1993 ba a sabunta ba, sai ginin ya zama maraya. An rufe shi a ƙarshen 1994, an sake buɗe shi bayan shekara guda saboda maƙwabtansa suna cikin gyara, sa'an nan aka rufe shi gaba ɗaya a Janairun 1999, aka rushe. Haka ginin Wonders of Life ya yi bayan da kamfanin inshora na MetLife ya janye a 2001: aka mayar da buɗe shi sai lokacin cunkoso, daga bisani aka garƙame a farkon 2007.

Lokacin tsanani da darajar fili

Idan kasuwa ta faɗi, abin da ya fi rauni a littafi shi ake fara sadaukarwa. River Country, wurin wanka da wasan ruwa na farko da Disney ta gina a Fulorida a 1976, ya riga ya tsufa, ga kuma sababbi biyu da suka fi shi girma, wato Typhoon Lagoon da Blizzard Beach. An rufe shi a Nuwamban 2001, a daidai lokacin da tafiye-tafiye suka ja baya bayan harin 11 ga Satumba, ba a sake buɗewa ba, kuma sai a 2005 aka tabbatar wa jama'a cewa ya tafi ke nan. Irin wannan ta sake faruwa a 2020, shekarar annobar korona, lokacin da wuraren suka yi watanni a kulle babu mai sayen tikiti: kamfanin Disney ya sanar da cewa abubuwa irin su Primeval Whirl da wasan dare na Rivers of Light ba za su dawo ba, a watan Satumba kuma ya sanar da sallamar ma'aikata 28,000.

Wani lokaci kuma abin wasan bai gaza ba, filin da yake kai ne ya fi shi daraja. A Universal ta Fulorida a da akwai jirgin ruwa na Jaws, inda wani ƙaton kifi na inji ke tasowa yana kai wa fasinja hari, wuta tana tashi a kan ruwa. Tsadar man da wutar nan ke ci ta sa aka dakatar da shi na wani lokaci a shekarar 2005, a Janairun 2012 kuma aka rufe shi, aka gina unguwar Harry Potter a gurbinsa, wadda aka buɗe a 2014, cike da kantuna da wuraren cin abinci inda baƙo ke sake sa hannu a aljihu bayan ya biya kuɗin ƙofa. Kamfanin Six Flags, da bashi ya yi masa katutu, ya rufe wurinsa na AstroWorld da ke birnin Hiyuston ɗungurungum a Oktoban 2005 domin ya sayar da filin, amma dala miliyan 77 da aka samu ba ta kai abin da aka yi tsammani ba, ga kuɗin rusau da aka kashe. Bayan da Six Flags ta haɗe da kamfanin Cedar Fair a 2024, sai aka rufe Kingda Ka, jirgin hawa da gangara wanda a lokacin babu mai tsawonsa a duniya, mita 139, mai gudun kilomita 206 a sa'a, wanda injin harba shi ke da wuyar sha'ani da tsadar gyara, aka kuma kayar da hasumiyarsa da nakiya a Fabrairun 2025.

Har ila yau akwai wata ƙa'ida ta akantoci wadda ke sauƙaƙa wa kamfani yanke hukunci. Kuɗin gini ba a rubuta shi a matsayin kashewa a shekara ɗaya, rarraba shi ake yi a kan shekarun da ake zaton ginin zai yi aiki. Idan aka rufe shi da wuri, sai a rubuta ragowar a matsayin hasara, hasara kuwa tana rage harajin da za a biya. Otal ɗin Galactic Starcruiser na Disney, mai ɗaki 100, wanda a lokacin kwana biyu a cikinsa ke cin kusan dala 5,000 ga mutum biyu, an buɗe shi a Maris na 2022 aka rufe a Satumban 2023, kamfanin kuma ya rubuta fiye da dala miliyan 200 ta wannan hanya.

Inda tsimi ya zama rowa

Duk wanda ya yi adalci zai yarda cewa tsimi ba laifi ba ne, domin dukiyar masu hannun jari amana ce a hannun shugabannin kamfani, kuma ci gaba da zuba kuɗi a injin da ya gaji, wanda watakila wata rana ya halaka wani, almubazzaranci ne da ganganci. Malamai sun daɗe da karantar da cewa kawar da cuta yana gaba da jawo amfani. Amma su ɗin dai sun karantar da cewa kyakkyawar ɗabi'a tana tsakanin israfi da rowa, kuma tarihin wuraren nan ya nuna abin da ke faruwa idan aka karkata ga ta biyun.

A Disneyland a da akwai wani jirgi mai tafiya sannu a kan dogon da aka ɗaga sama, PeopleMover, wanda ya yi aiki daga 1967 zuwa 1995. Da aka so a maye gurbinsa da mai gudu, Rocket Rods, sai aka ɗora sabon a kan tsohon dogo, ba tare da an kashe kuɗin karkata kwanoninsa ba yadda mai gudu ke bukata. Sakamakon haka, jirgin yakan taso da ƙarfi, ya taka birki a kowace kwana, ya sake tasowa, tayoyi da injuna suna cinyewa, yau lafiya gobe a tsaye. An buɗe shi a Mayun 1998, an rufe a Satumban 2000 da alkawarin gyara, a 2001 aka ce ya tafi. Aka rasa tsohon, aka rasa sabon, aka rasa kuɗin, dogon kuwa ya yi shekaru fiye da 20 a tsaye babu abin da ke bin sa. Araha ba ta ado, kuma wanda ya ƙi biyan kuɗin aiki mai kyau sau ɗaya yakan biya na maras kyau sau biyu.

Abin da ya kamata a nema daga kamfanonin nan, a ganina, bai wuce gaskiya da cika hakki ba. Universal ta ba jama'a sanarwar wata guda kafin ta rufe Jaws, mutane suka zo da 'ya'yansu suka yi sallama da shi. Kingda Ka kuwa sai bayan an rufe shi da kwanaki aka faɗa wa masoyansa, kamar yadda aka bar masu jiran jiragen ƙarƙashin teku suna jiran gyaran da ba ya zuwa. Mutumin da ya tara kuɗi shekara guda domin ya kai iyalinsa ya cancanci a gaya masa abin da zai tarar. Ma'aikacin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgi ɗaya, ko yana nutso cikin tafki ɗaya, ya fi kowa cancantar a sanar da shi da wuri, a sama masa wani gurbi, domin kalmar rage kashe kuɗi da ake rubutawa a rahoton shekara, idan aka bi ta zuwa tushenta, galibi albashin wani magidanci ce.

Darasin kuma bai tsaya ga Amurka ba. Duk hukuma ko attajirin da ke da niyyar kafa wurin shaƙatawa a garuruwanmu, kafin ya tambayi nawa ne kuɗin sayen lilo da kafa shi, ya fara tambayar wa zai gyara shi, daga ina kayan gyaransa za su zo, nawa ne mansa da wutarsa a wata, kuma daga wace taska za a riƙa biya har shekara 20. Idan kamfanonin da suka fi kowa jari da ƙwararrun injiniyoyi sun kasa riƙe abin da ba a yi wa wannan hisabi ba tun farko, to, wanda bai kai su ƙarfi ba ya fi su bukatar ya yi shi kafin a haƙa harsashi.