Yaron da bai yi magana ba: ina za a kai shi?

A ƙasar Gamu, cikin gundumar Gure, akwai gidajen da ke da yaro ɗan shekara 3 ko 4 da bai fara magana ba. Akwai mai i'ina. Akwai dattijon da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Wasu su ce aikin iska ne. Wasu su ce a bari, bakin zai buɗe da kansa. Ana cikin jira shekaru su wuce. Yaro ya kai lokacin lekol ba a rubuta shi ba, tsaransa suna kiransa wawa, alhali hankalinsa lafiya lau.

To, wannan matsala tana da ma'aikacinta. Da Faransanci sunansa ortofonis, wato mai gyaran magana. Ba ya yanka, ba ya yin allura. Aikinsa koyarwa ne. Yana nuna yadda ake aza harshe da leɓe, da yadda ake ja da numfashi. Yana koya wa uwaye abin da za su riƙa yi a gida.

Yaushe ya kamata a damu?

Jariri mai lafiya yana firgita in an yi ƙara kusa da shi. Ɗan shekara 1 yana juyowa in an kira sunansa, yana cewa baba, mama. Ɗan shekara 2 yana haɗa kalma biyu, kamar "ba ni". Ɗan shekara 3 yana faɗin abin da yake so. In yaro ya yi nisa da wannan, a kai shi likita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sau da yawa laifin ba na baki ba ne, na kunne ne. Wanda bai ji ba, ba zai faɗa ba. Sanƙarau da ƙyanda da kunne mai zubar da mugunya duk suna kawo kurumta. Hukumar lafiya ta duniya ta ce cikin yara 10 da suka rasa ji, kusan 6 da an iya tsare su. Shi ya sa allurar rigakafi take da amfani. Cire beli wajen wanzami ba ya buɗe magana. Abin da yake jawowa shi ne zubar jini da ƙwayoyin cuta.

Hanyar da za a bi

Masu gyaran magana kaɗan ne ƙwarai a Nijar, mafi yawansu suna Yamai. Daga Damagaram zuwa Yamai kuwa wajen kilomita 900 ne. Saboda haka kada manomi ya saida akuya ya kama hanya haka kawai. A fara da likitar da ke kusa. Majo ya duba kunne da baki. In abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda zuwa likitar Gure. Daga Gure sai babbar likita ta ƙasa da ke Damagaram. Lokotoro shi zai faɗi ko tafiya Yamai ta kama. Tun shekara ta 2006 gwamnati ta kafa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Makiyayi mai tafiya ya adana karnen yaro da kyau, duk inda ya sauka ya nuna shi.

Yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe ko tsagaggen ganda ana yi masa aiki a likitar yara ta CURE da aka buɗe a Yamai a 2010. Wanda ciwon noma ya ci wa baki, ƙungiyar Sentinelles tana kula da irinsu a Damagaram tun 1992. Kurma kuma yana da lekol tasa a Damagaram, inda ake karatu da maganar hannu.

A yi hankali da maƙaryata

Mai gyaran magana na gaskiya yana da takardar shaidar karatu. Da yawa sun koyo aikin a Lome, ƙasar Togo, inda aka buɗe sashen koyar da shi a 2003. Ba rashin kunya ba ne a ce ya nuna takardarsa, a kuma tambayi kuɗin aiki tun da fari. Duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce bebe zai yi magana cikin kwana 7, kuɗi yake nema. Gyaran magana yana ɗaukar watanni.

Kafin a samu zuwa, gida ma makaranta ce. Uwa ta riƙa yi wa yaro magana tana kallon fuskarsa. Ta faɗi sunan abin da take riƙe da shi: ƙwarya, hatsi, nono. Kaka ta yi masa gatana da dare. Mai i'ina kada a yi masa dariya, kada a buge shi, kada a ƙarasa masa zance. A saurare shi har ya gama.

Wanda ya karanta wannan labari ya karanta wa maƙwabcinsa. Matambayi ba ya ɓata.