Mai Ƙirga Kuɗin Kiranmu Ya San Ranar Da Sabis Ya Ɗauke

A hutun ƙaramar Sallar da ta gabata na je gida Diggi, cikin ƙaramar hukumar Kalgo, na tarar da sabis ɗin wani kamfanin waya ya kwana uku a ɗauke. Ƙanena mai sana'ar POS ya rufe rumfa, wani dattijo kuma da ɗansa ya turo wa kuɗin magani daga Legas sai da ya hau babur zuwa Kalgo kafin ya karɓa. Da na tambayi ƙanen nawa abin da ya lalace, sai ya ce, "Yaya, ai babu sabis ne kawai."

A matsayina na ɗalibin ilimin harshe, amsar nan ta tsaya mini a rai. Bahaushen da ya bambanta gero da maiwa, ya bambanta yayyafi da mamako, shi ne a yau yake kiran cututtuka goma da suna ɗaya. Laifin ba na harshen ba ne. Ba a taɓa gaya masa sunayen ba, alhali kamfanin ya san su ɗaya bayan ɗaya.

Kowane turken sadarwa yana ɗauke da na'urori masu aika rahoto dare da rana zuwa cibiyar sa ido ta kamfani, da yawansu ta hanyar wata ƙa'ida mai suna SNMP da aka fito da ita a 1988. Idan man janareta ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, ko motar masu aikin titi ta tsinke wayar da aka binne a ƙasa, nan take alamar gargaɗi za ta bayyana a allon ma'aikaci. Manhajar za ta buɗe wa matsalar rajista mai lamba, ta rubuta lokacin da ta fara, da injiniyan da aka tura, da lokacin da aka gyara. 'Yar'uwar wannan manhaja ce ke ƙirga daƙiƙun kiranmu da datar da muka ƙona, ba ta kuwa yafe ko kwabo.

Idan mai karatu bai manta ba, da GSM ta shigo a 2001 kuɗin minti guda ake yanka, ko da gaisuwa kawai mutum ya yi ya kashe. Sai da Globacom ya zo da lissafin daƙiƙa a 2003 sauran suka bi sahu. Wato lissafi yakan gyaru ne idan an matsa. Haka kuma ran 14 ga Maris, 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, kafin gari ya waye an sanar da duniya sunayensu, domin bankunan Legas ne suka tsaya. Mutumin Diggi kuwa ko saƙon ban haƙuri bai gani ba, kwanakin datarsa ta wata suna ta tafiya.

A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data. A shekarar ce kuma ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a dalilin ɗaukewar sabis, su biya diyya idan ta wuce awa 24. Madalla. Sai dai umarnin ya fi karkata ga manyan matsaloli masu shafar yankuna da dama, don haka ina tsoron turke ɗaya na ƙauye zai faɗa ƙasan ma'auni.

Abin da nake nema kaɗan ne. Da zarar sabis ya dawo, a tura wa duk layin da ke ƙarƙashin turken saƙo da Hausa: ga abin da ya lalace, ga lambar rajistarsa, ga kwanakin da aka mayar maka. Shugaban ƙaramar hukumar Kalgo ma yana iya neman wannan ƙididdiga duk wata uku, a karanta ta a gidan rediyon jiha.

Kafin in baro gida na shawarci ƙanena ya kira 622, layin kai ƙorafi na kyauta na NCC. Ya dube ni ya ce, "To Yaya, da wane sabis ɗin?"