Ina Ungulu Ta Shiga?

Dattawan Sukuntuni da sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada suna iya tuna zamanin da ungulu ke cika mahauta ranar kasuwa. Yau kuwa sai a daɗe ba a ga ko guda ba. A shekarar 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Dalilan sun haɗa da gubar da ake sa wa mushe, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kansu, da kashe ta don sayar wa masu magani.

Wannan rashi babba ne. Ungulu takan cinye mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta. Shaho da shirwa da mujiya kuma suna rage ɓeraye da fara a gonaki.

Ba a iya kare tsuntsu sai an san inda yake da kuma yawansa. Saboda haka cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take aiki da 'yan sa-kai. An raba taswirar Nijeriya gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai yakan yi aƙalla awa 2 a gida guda, yana rubuta kowane irin tsuntsun da ya gani. Idan aka kwatanta bayanan shekaru, sai a gane wanda ke raguwa.

Malami da ɗalibansa na iya farawa da littafi da alƙalami: rana, wuri, irin tsuntsu, da adadi. In an ga sheƙa, a ƙyale ta.